Taimakon Sayo Kaya Daga Waje: Ina Rabon Makiyayi?

 

Kowa a cikinmu ya sha jin wannan labari a rediyo, wataƙila yana bakin rijiya yana jiran layin shayarwa. Mai karanta labarai zai ce yau an sa hannu a Yamai tsakanin minista da jakadan wata ƙasa, an ba Nijar taimakon miliyan dubu kaza domin sayo kayan masarufi daga waje. A yi tafi, a yi godiya, labari ya wuce. Mu kuma mu ci gaba da jan guga. Ba mu tambaya wane kaya za a sayo, wa zai sayo shi, wa za a sayar wa, kuma kuɗin cinikin ina za su shiga. Muna ɗauka maganar manya ce, ba ta shafe mu ba. Ni kuwa na ce ta shafe mu har cikin ƙwaryar nono, kuma dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan.

Bari mu fara da yadda abin yake tafiya, don da yawa daga cikinmu suna zaton kyauta ce ake rabawa kamar zakka. Ba haka ba ne. Ƙasa irin tamu tana bukatar abubuwan da ba ta yi da kanta: magani, takin zamani, kayan gyaran mota da na fanfo, shinkafa, alkama, sukari. Masu waɗannan kaya ba su karɓar kuɗinmu, sai dalar Amurka ko yuro. Idan abin da ƙasa ta sayar a waje bai kai abin da take saye ba, sai a sami giɓi. Nan ne mai taimako yake shigowa. Wani ya ba da kuɗin waje ya ce a sayo kaya da su. Wani ya ce shi kayan zai aiko, kamar yadda Japan ta daɗe tana aiko da shinkafa a ƙarƙashin shirin da ake kira KR, wanda ta fara tun 1968, da taki da injunan noma a ƙarƙashin KR2 daga 1977. Amurka ma tana da dokar taimakon abinci tun 1954. To idan kayan sun iso, galibi ba rabawa ake yi ba, sayarwa ake yi. Ɗan kasuwa ko talaka ya biya da sefa, sefar nan a zuba ta cikin wani asusu na musamman, mu kira shi asusun madadi. Daga wannan asusu ne gwamnati, da yardar mai taimako, take ɗiba ta yi ayyuka.

Ku lura da kyau, taimakon nan sau biyu yake aiki. Na farko, kayan da suka shigo kasuwa. Na biyu, kuɗin da suka taru a asusu. Makiyayi yana iya cin riba sau biyu, yana kuma iya shan kashi sau biyu, ya danganta da abin da aka sayo da inda aka kai kuɗin.

A Nijar wannan salo ya yi ƙarfi ne bayan faɗuwar uraniyom. An fara haƙo shi a Arlit a 1971, ƙarshen shekarun 1970 kuɗi suka shigo, aka yi gine-gine, aka ci bashi. Farkon shekarun 1980 farashi ya karye, bashi ya tsaya. A 1983 ƙasa ta nufi Asusun Ba da Lamuni na Duniya, wato FMI, ga kuma farin 1984 ya zo ya share garkuna, a 1986 aka shiga shirin gyaran tattalin arziki da Bankin Duniya. Tun daga lokacin kuɗin masu taimako suka zama wani ginshiƙi na kasafin ƙasa. Akwai wani abu kuma da ya bambanta mu da ƙasashe irin Gana ko Tanzaniya, inda a wancan zamani ɗan kasuwa ke neman dalar Amurka ido rufe bai samu ba. Mu sefarmu a ɗaure take da kuɗin Faransa, daga 1999 kuma da yuro, ana canza ta ba wuya. Saboda haka a wurinmu abin da ake kira taimakon sayo kaya, idan ka tone shi, yawanci taimakon cike aljihun gwamnati ne. Sefar da ta taru a asusu ita ce zancen. Shi ya sa nake cewa duk wanda bai tambayi asusun madadi ba, bai tambayi kome ba.

Yanzu ga tambayar da ta fi damuna. Wa ke rubuta jerin abin da ake kira kayan masarufi? Ma'aikatan kuɗi ne da na kasuwanci, da wakilan mai taimako, da manyan ƴan kasuwa masu shigo da kaya ta tashar jirgin ruwa. Dukansu mutanen birni ne. Ba na zargin su da mugunta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, su kuma ɗakinsu birni ne. Abin da ke tsorata kowace gwamnati shi ne tsadar burodi da shinkafa a Yamai, don mutanen Yamai suna iya fitowa kan titi kafin azahar. Mun gani a 2005, da aka ɗora harajin kashi 19 cikin ɗari a kan madara da fulawa da sukari, birane suka tsaya cik, ba a ɗau dogon lokaci ba aka janye yawancinsa. Makiyayin da ke arewacin Dakoro ko Tanut, ko da shanunsa sun ƙare ƙaf, ba shi da titin da zai tare. Don haka abin da yake masarufi a wurinsa ba ya hawa takarda sai an tuna da shi, kuma ba a cika tunawa ba.

Alhali kuwa wa ke kawo kuɗin waje? Shekaru da yawa, in ka cire uraniyom, babu abin da Nijar ke fitarwa da ya kai dabbobi. Man fetur bai fara fita ta bututun Benin ba sai 2024. Kafin nan, bijimin da aka kora zuwa Illela ko Jibiya ko Mai'aduwa ko Maigatari, da ragon da aka loda a kamyo gab da Layya, da fatar jar akuyar Maraɗi, su ne ke riƙe da wani babban sashe na cinikin ƙasa. Ma'adini yana ƙarewa, mun ga an rufe mahaƙar COMINAK a 2021. Saniya kuwa haihuwa take yi. Wato mu ne muke rage giɓin da ake roƙon taimako a kansa, amma idan an zauna rabon taimakon, ba a ajiye mana ko tabarma ba.

Kada wani ya ce na zo in zagi masu taimako. Wanda ya manta alheri ba ɗan halak ba ne. Dattawanmu sun san bushiya, ciwon da ke shiga garke ya bar mutum da sanda kawai. Allurar da ta kashe bushiya da kuɗin waje aka yi ta. Shirin farko ya tashi a 1962 daga ƙasashen tafkin Cadi, Nijar na ciki. Da ya ƙare a shekarun 1970 aka yi sake, ciwon ya dawo farkon shekarun 1980 ya yi ɓarna, sai aka sake ɗaura ɗamara a 1986 da wani shirin na Afirka baki ɗaya. A 2011 aka yi shelar cewa bushiya ta ƙare a duniya. Yaron da ke kiwo yau bai taɓa ganin ta ba. Wannan taimako ne da ya shiga har cikin ruga.

Haka nan hatsi. Manomi yana iya kukan cewa shinkafar taimako ta karya masa farashi, kuma kukansa yana da tushe idan an sauke ta da kaka. Amma mu masu sayen hatsi ne. A shekarar fari abu biyu ke haɗuwa a kanmu: dabba ta rame farashinta ya faɗi, hatsi kuma ya hau. A 2005 buhun hatsi ya kai jika 30 a wasu kasuwanni, a lokacin da akuya biyu ba su sayen buhu ɗaya. Duk tiyar da OPVN ta sayar da rangwame a irin wannan lokaci, akuya ce ta tsira daga wuƙa. Saboda haka ba shigowar hatsi nake ƙi ba, in dai ya shigo a bazara, kuma ya wuce garuruwan kan kwalta ya isa inda muke.

Inda gizo ke saƙa shi ne kayan da ke shigowa su yi kishiya da abin da muke sayarwa. Fataken da suka manyanta sun tuna ƙarshen shekarun 1980. Turai ta tara naman shanu ya yi mata yawa, ta riƙa biyan ƴan kasuwanta tallafi don su fitar da shi. Aka cika Abijan da Akara da Kwatano da daskararren nama, galibi kitse da gefen haƙarƙari da Bature ba ya ci, a farashin da ko saniyar sata ba za ta iya gasa da shi ba. A 1991 abin da ya shigo Afirka ta Yamma ya haura ton 50,000. Makiyayan Mali da Burkina ne suka fi shan wuya don kasuwarsu Abijan ce, amma kasuwar dabbobi kamar tafki take, in ka jefa dutse a gefe guda, kaɗawar tana zuwa ɗaya gefen. Gaskiya wannan nama ba taimako ba ne, ciniki ne mai tallafi. Sai dai hannun da ke biyan tallafin shi ne kuma ke ba da kuɗin ayyukan raya kiwo a Sahel: ya haƙa maka rijiya da dama, ya ƙwace maka kasuwa da hagu. Sai da wasu ƙungiyoyin Turai masu zaman kansu suka tayar da ƙura a 1993 aka fara rage tallafin. Abin lura a nan, an rage ne don an yi magana da hujja, da lissafi a hannu.

Sai ga 12 ga Janairun 1994, aka karya darajar sefa a taron Dakar. Faran Faransa da ke tamma 50 ya koma tamma 100 dare ɗaya. Mutanen birni suka yi kuka, kuma masu taimako suka ƙaro kuɗi don a rage musu raɗaɗi. Mu fa? Naman Turai ya ninka tsada a bakin teku, mai naira ya ga shanunmu sun yi masa araha, kasuwa ta buɗe, fatake suka ga kuɗin da suka daɗe ba su gani ba. Amma maganin tsutsa da na sammore da sirinji, duk abin da ke zuwa cikin kwali daga Turai, shi ma ya ninka, a daidai lokacin da gwamnati ke janye hannunta daga aikin likitan dabbobi tana cewa kowa ya biya. Nan ne ya kamata a ce taimakon sayo kaya ya tare mana. Abin da ya cike gurbin shi ne maganin tebur, wanda ake shanyawa a rana ranar kasuwa, ba a san inda aka yi shi ba, ba a san ko alli ne ko magani ba. Har yau muna fama da shi.

Na zo ga nono, kuma a nan zan ɗan daɗe, don maganar iyayenmu mata ce da matanmu. A ruga kowa ya san saniya ta maigida ce amma nono na uwargida ne. Da shi take sayen hatsi da gishiri da sabulu da zanen yara. Duk buhun garin madara da ya sauka a ƙasar nan, da ita yake gasa. Da farko garin madara ya shigo mana ne a shekarun yunwa a matsayin agaji, ya ceci yara, Allah ya saka. Amma baki ya saba, masana'antun nono na birni suka saba, don gari ba ya tsami, ba ya bukatar firij, ba ya ƙafewa da rani. Da agaji ya ja baya ciniki ya gaje shi. A 2015 abu biyu suka faru tare. Turai ta cire ƙa'idar da ke iyakance yawan madarar da manomanta za su tatsa, madara ta yi ambaliya. Ƙasashen CEDEAO kuma suka fara aiki da harajin duwan na bai ɗaya, inda garin madara na manyan buhuna ke biyan kashi 5 cikin ɗari kacal, wato an sa shi a sahun kayan masarufi. Kuma mafi yawan abin da ke shigowa yanzu ba cikakkiyar madara ba ce. Sun yaɗe man shanun sun sayar da shi da tsada a can, sun maye gurbinsa da man kwakwar manja, sun busar, sun aiko mana. Matar da ta yaɗe mai daga nononta ta zuba wani abu, a kasuwarmu sunanta maha'inciya. Wannan kuwa sunansa kayan masarufi.

Za a ce mini nononmu ba ya isar birni, kuma da rani babu shi. Gaskiya ne, ban musa ba. Saniyar da ta yini tana neman ciyawar da za ta tsaya da ƙafarta ba za ta cika ƙwarya ba. Amma me ya sa ba ya isa? Don babu dusa da rani, babu wurin sanyaya nono kusa da ruga, babu hanyar kai shi gari kafin ya tsinke. Azawak ɗinmu saniyar nono ce da ake nema har ƙasashen maƙwabta, kuma tashar Tukunus ta nuna abin da take iya bayarwa idan ta ƙoshi. Cibiyoyin tara nono na Hamdallaye da Kollo sun nuna cewa idan akwai mai saye kullum da wurin sanyi, nono yana fitowa. Irin waɗannan cibiyoyi nawa kuɗin asusun madadi na shekara guda zai gina?

Ga misalin da ya kamata kowane shugaban ƙungiyar makiyaya ya haddace. A 1970 Turai ta ba Indiya kyautar garin madara da man shanu masu ɗimbin yawa. Wani mutum mai suna Verghese Kurien, wanda ke shugabantar hukumar raya madara ta ƙasar, ya hana a watsa kayan cikin kasuwa da araha su kashe masu tatsa. Aka sayar da su a manyan birane a farashin da ba ya karya na gida, kuɗin kuma aka zuba su wajen kafa ƙungiyoyin masu nono a ƙauyuka, da wuraren sanyi, da motocin ɗauka, da abincin dabbobi, da likitoci. Matar da ke da saniya ɗaya ko biyu ta sami inda za ta kai nono safe da yamma a biya ta. Kafin ƙarshen shekarun 1990 Indiya ta zama ƙasar da ta fi kowace yawan madara a duniya. Garin da aka ba su irin wanda aka ba mu ne. Bambancin yana ga wanda ya riƙe asusu da abin da ya yi niyya.

Sai maganar dusa, wadda ita ce masarufin makiyayi na gaskiya daga watan Maris zuwa faɗuwar ruwa. Dusar alkama da angurya da tunkuza, mafi yawansu daga waje suke zuwa, daga Najeriya da Benin da Burkina. A nan ba jerin kaya kaɗai ne matsala ba, har da lokaci. Tun da kaka, cikin Oktoba, ma'aikatan kiwo suke auna ciyawa, su san ko za ta kai. Damanar 2009 ta gaza, lissafi ya nuna giɓin ciyawa na kimanin ton miliyan 16. Kowa ya sani tun kafin ɗari. Amma kafin a rubuta roƙo, mai taimako ya amsa, a yi tallar kwangila, ɗan kwangila ya sayo, kamyo ya taso, watanni sun shuɗe. A 2010 dabbobi suka faɗi a yankin Gadabeji da sauran wurare ba adadi, waɗanda suka kai ga ruwan farko kuma da yawa ruwan ne ya ƙarasa su, don ba su da ƙarfin tashi daga laka. Ni da idona na taɓa ganin an sauke dusar rangwame a wata mangaza bayan ciyawa ta riga ta tsiro. Waɗanda suka rage da dabbobi sun yi arewa, waɗanda ke kusa ba su da abin ba wa. Buhunan suka kwana biyu, aka wayi gari suna kasuwa a hannun ƴan kasuwa. A takarda an rubuta an taimaki makiyaya da ton kaza. Ihu bayan hari ke nan.

Buhun dusa ɗaya a watan Fabrairu ya fi biyar a watan Yuli. A Fabrairu saniya tana da sauran jiki, kaɗan za a ba ta ta riƙe, kuma farashi bai hau ba tukuna. Wannan ba sai an je makaranta ba, kowane yaro mai kiwo ya sani. Abin da ya hana masu ofis aiki da shi shi ne kuɗinsu ba ya fita sai an ga gawa a hoto.

Abin da ya faru a 2023 kuma ya isa ya farkar da mai barci. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, CEDEAO ta sa takunkumi, aka rufe iyaka da Najeriya da Benin, Najeriya ta yanke wutar da ke ba mu mafi yawan lantarkinmu, babban bankin sefa ya riƙe kuɗin gwamnati, manyan masu taimako suka dakatar da nasu. A watan Oktoba aka zabge kasafin shekara da kimanin kashi 40 cikin ɗari. Kamyoyi suka yi layi a Malanbil, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina da rakiyar soja, tsada ta hau kan tsada. Ba na shiga siyasar wa ke da gaskiya, shafin nan ba na wannan ba ne. Abin da nake nunawa shi ne, allurar ciwon huhu ba ta san juyin mulki ba, kuma firijin da ke ajiye ta wuta yake sha. An ɗage takunkumin a 24 ga Fabrairun 2024, Nijar ta fice daga CEDEAO a Janairun 2025, a 2025 ɗin kuma Amurka ta rushe hukumarta ta taimako, USAID, ba don wani laifinmu ba, don siyasarta ta gida. Kayan aro ba ya rufe katara. Duk abin da rayuwar garke ta rataya a kansa, bai kamata ya dogara da sa hannun wani jakada ba.

To me muke nema? Ba sabon abu ba ne, kuma bai fi ƙarfin kowa ba. Dokar kiwo ta 2010 ta amince cewa yawon kiwo haƙƙi ne, kuma ƙungiyoyi irin AREN, da aka kafa tun 1990, sun sha zama da hukuma a kan burtali da mashaya. To a kan kuɗi ma a zauna da mu. Duk lokacin da za a rubuta jerin kayan da taimako zai saya, ko kayan da za a sauƙaƙa wa harajin duwan, a sami wakilin makiyaya da na fatake a wurin, da bakin magana, ba don ɗaukar hoto ba. A karanta lissafin asusun madadi a rediyo da Hausa da Fulatanci da Tamashek da sauran harsunanmu: nawa ya shiga, nawa ya fita, nawa ya tafi ga kiwo. Kuɗin nan ai daga aljihun mai sayen shinkafa suka fito, ba sirrin kowa ba ne. Abin da za a iya yi a gida kuma a daina sayo shi gamamme, a sayo abin yin sa. Muna da LABOCEL a Yamai mai haɗa allurar rigakafi. Injin da kayan aikin da za su sa ta wadata ƙasa sun fi mana kwalayen allurar da za a aiko bana a hana baɗi. Firij mai aiki da hasken rana a Abalak ko Ingal ya fi mota mai sanyi a ma'aikata. Garin madarar da aka cire wa mai kuma, a rubuta gaskiyarsa a jikin buhu da manyan baƙaƙe, a ɗora masa harajin da ya dace, abin da aka tara a kai shi ga tara nonon gida.

Sa'an nan a bar mu mu sayar. A watan Mayun 2025, gab da Layya, aka hana fitar da dabbobi waje don rago ya yi sauƙi a birni. Na fahimci halin ma'aikacin da albashinsa bai kai kuɗin rago ba. Amma wanda ya yi wata shida yana turke rago da dusar da ya saya da tsada, lissafinsa a kan kasuwar waje ya yi shi. Ƙasar da ke kukan giɓi tsakanin abin da take saye da abin da take sayarwa, ba ta rufe ƙofar da kuɗi ke shigowa ta cikinta. In ana son a sauƙaƙa wa mutanen birni, a nemi hanyar da ba daga aljihun makiyayi kaɗai za a biya ba.

Mu ma fa muna da namu laifin, kuma gara mu faɗa wa kanmu kafin wani ya faɗa mana. Dusar rangwamen da ke ɓulla a kasuwa, ba aljanu ke kai ta ba. A cikinmu akwai masu karɓa da sunan ruga su sayar, akwai shugabannin da ke rubuta sunayen dangi. Akwai mai shanu ɗari da ba zai sayar da bijimi biyar da kaka, lokacin da suke da tsoka da daraja, ya sayi dusa ya ajiye ba, sai ya jira bazara ya sayar da ashirin a kuɗin fata. Akwai masu ɓoye garke ranar allura don tsoron ƙidaya, sa'an nan su yi kukan an ce dabbobin yankinsu kaɗan ne, an ba su kaso kaɗan. Wanda zai je ya tambayi minista lissafin asusu, dole lissafin bankin dusar ƙauyensu ya kasance a fili.

Shawarata ga kowane reshe ita ce, da zarar an kammala kaka, kafin jama'a su watse, a zauna a ƙidaya buhu nawa ake bukata daga Fabrairu zuwa Yuni. Kowa ya kawo abin da zai iya, ko ɗan akuya ne, a sayi kashin farko tun dusa tana araha. A rubuta abin da aka saya da abin da ya rage, da sunan mangazar da za a ajiye, da mutum uku masu riƙe mabuɗi. Takardar nan a kai ta ga ma'aikatar kiwo ta jiha cikin Nuwamba, a karɓi shaidar an kai, a aiko wa wannan jarida kwafi mu buga. Idan taimako ya zo a kan lokaci, ya tarar da mu da wurin zuba shi. Idan ya zo a Yuli, muna da takarda mai kwanan wata da za mu ɗora a kan tebur.